Kalmar "dearth": ƙaranci take nufi ko tsada?

Zainab A.: Assalamu alaikum. Malaman Turanci da ke zauren nan, ina neman taimakonku. An ba ni wani sharhin jarida in mayar da shi Hausa don shirin rediyo, sai na ci karo da "a dearth of qualified teachers in rural schools". Daga yadda zancen ya tafi na gane malamai ne suka yi kaɗan a makarantun karkara. Amma mene ne bambancinta da "shortage" da "scarcity"? Kuma tana da dangantaka da "death" ne? Na ga sun yi kama sosai.

Sagir: Wa alaikumus salam. Ƙaranci ne, Anti. Ki rubuta "ƙarancin ƙwararrun malamai" ki wuce gaba. 'Yan jaridar Najeriya suna son kalmar nan sosai, da wuya ka karanta sharhi kan ilimi ko lafiya ba ka gamu da ita ba.

Malam Habibu Zariya: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Zainab 'yata, fassarar da Sagir ya ba ki ta yi. Tambayarki ta ƙarshe nake so in tsaya a kai. Kama da Wane ba ta Wane. "Death" danginta su ne "dead" da "die", ita kuwa "dearth" 'yar "dear" ce, wannan dai "dear" ɗin da muke buɗe wasiƙa da ita.

Turawan Ingila suna da wata tsohuwar hanya ta mayar da sifa suna, su liƙa mata "th" a ƙarshe. Daga "warm" aka samu "warmth", daga "long" aka samu "length", daga "deep" aka samu "depth", daga "true" aka samu "truth". Haka "dear" ta haifi "dearth". Tun ƙarni na 13 ake ganin ta a rubuce, a lokacin ana rubuta ta "derthe".

To ita "dear" tun can asali fuska biyu gare ta: abin da kake ƙauna, da abin da kuɗinsa ya yi yawa. A wurin masu harshen duk abu guda ne, wato abu mai daraja. Daga ita aka samu "darling". Jamusawa har gobe "teuer" suke ce wa abu mai tsada, mutanen Holan kuma "duur", duk tushensu ɗaya da "dear". Saboda haka in aka bi ginin kalmar, "dearth" tsada ce. Da ita mutanen Ingila na wancan zamani suke kiran shekarar da amfanin gona bai yi kyau ba, hatsi ya yi wuya, farashi ya hau. Daga baya ne ta faɗaɗa ta zama ƙarancin kowane irin abu.

Tun da a rediyo za ki yi aiki da ita, ki kula da furucinta ko da za ki ambace ta. Sautin "dear" ya ɓace a cikinta. Ki faɗe ta yadda za ki faɗi "earth" da "birth" da "worth", ki ja wasalin. Idan kika gajarta shi mai sauraro "death" zai ji.

Hajiya Bilki: Malam, Allah ya ƙara sani. Wannan "dear" ta tsada tana nan da ranta a nan Manchester, musamman a bakin tsofaffi. Kwanaki a wani kanti na ga wata tsohuwa ta ɗauki man shanu daga firji, ta ɗaga tabarau ta duba kuɗin da aka liƙa, ta juya shi a hannunta, sannan ta mayar da shi wurinsa a hankali tana cewa "too dear". Wanda bai saba ba zai ɗauka yabon abin take yi. Amma "dearth" kam ban taɓa jin ta a bakin kowa a hira ba, sai a jarida ko bakin masu sharhi a talabijin.

Dakta Maryam: A Indiya inda na yi karatu, alawus ɗin da gwamnati ke ƙara wa ma'aikata da 'yan fansho saboda hauhawar farashi sunansa "dearness allowance". Kowa ya san shi a can.

Abdulƙadir Kano: Malam Habibu, da girmamawa, tarihin da ka kawo babu ja a kansa. Tsorona kada Zainab ta tashi daga nan da tunanin cewa kalmar tana nufin tsada a yau. Ba ta nufi. Asalin kalma daban, abin da masu harshen suke nufi da ita yanzu daban. "Nice" a da wawa take nufi, daga wata kalmar Latin mai ma'anar jahili, yau kuwa yabo ce. Mu ma "kwabo" daga "copper" muka samo shi, amma wanda ya ce ba shi da ko kwabo ba zancen jan ƙarfe yake yi ba. Idan Bature ya rubuta "a dearth of evidence" hujja ce ta yi kaɗan, babu ruwansa da farashi.

Ga kuma amsar ɗayar tambayar tata, ta fuskar ilimin tattalin arziki. "Scarcity" hali ne na dindindin: buƙatun ɗan Adam sun fi abin da ke hannunsa yawa, dole ya zaɓa. A kan wannan Lionel Robbins, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, ya gina ma'anar fannin gaba ɗaya a 1932. "Shortage" kuwa na ɗan lokaci ne, kuma yana da sharaɗi: a farashin da ake sayarwa, masu nema sun fi kayan yawa. Misalin da kowa ya gani shi ne man fetur. Lokacin da gwamnati ke ƙayyade kuɗin lita, sai ka tarar da layi ya miƙe daga gidan mai har ya sha kwana, masu mota sun kwana a ciki, a bakin titi kuma 'yan bumburutu sun jera jarkoki suna sayarwa ninki biyu. Wannan shi ne "shortage". Da aka sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki. Layi ya ragu, ka shiga gidan mai ka fito cikin minti biyar, sai dai na dubu biyu za ka sha maimakon ka cika tanki. A littafin tattalin arziki "shortage" ya ƙare a nan. "Dearth" kuwa ba kalmar fanninmu ba ce, ta marubuta ce.

Malam Habibu Zariya: Abdulƙadir, ai misalinka ni ya taimaka. Wannan hali na biyu da ka kwatanta, mai yana nan amma aljihu ba ya kai masa, shi ne ainihin abin da mutanen Ingila na da za su kira "dearth". Na yarda ma'anar ta matsa daga nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tsohuwar ma'anar ta tafi ba ta bar sawu ba. Ka lura da abubuwan da ake haɗa ta da su: malamai, likitoci, hujja, basira, shugabanni nagari, labari mai inganci. Ba za ka ji mai harshen ya ce ana fama da "dearth" na sauro ko na ɓarayi ba. Duk abin da aka ce an yi "dearth" ɗinsa, to an yanke masa hukunci cewa yana da daraja kuma ana jin raɗaɗin rashinsa.

Abdulƙadir Kano: Amma Malam, "shortage" ma haka take. Babu mai kukan "shortage" na sauro.

Malam Habibu Zariya: Haka ne, sai dai ita "shortage" ta ma'auni ce. Akwai adadin da ake buƙata, abin da ya samu bai kai ba, kana iya cewa saura kaza. Ba ta daɗe ba ma, a ƙarni na 19 ta fito, daga "short". Shi ya sa ta dace da mai da siminti da takardun kuɗi, kamar abin da muka gani a farkon 2023 lokacin canjin naira. "Dearth" ta fi zama a kan abin da ba a aunawa da mudu. Kana iya cewa gari yana fama da "dearth" na masu faɗin gaskiya, amma in ka ce "shortage" sai a tambaye ka guda nawa suka rage.

Laminu Maraɗi: Salamu alaikum. Mu 'yan lakwal, wato 'yan boko na Nijar, Faransanci muka yi, amma zancen nan ya taɓa ni. A Faransanci ma haka abin yake, "cher" ita ce masoyi kuma ita ce mai tsada. Da ita ake buɗe wasiƙa, da ita ake kukan kasuwa. Tsadar rayuwa "la vie chère" ake ce mata.

Abin da Malam ya faɗa na cewa abu yana nan amma ba a kai masa, mu mun gan shi da ido a 2005. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da yawa, fara kuma ta shigo. A watan Maris na 2005 ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga a Yamai da sauran birane saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi, sunan gamayyar tasu ma ta yaƙi da tsadar rayuwa ce. Kafin a kai tsakiyar damina cibiyoyin kula da yara masu tamowa sun cika a nan Maraɗi. Amma ka shiga kasuwa, buhunan hatsi ga su nan jibge. Ina tuna wata mata daga ƙauye, da goyo a baya, ta tsuguna gaban mai awo ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu. Ta tambayi kuɗin tiya, aka faɗa mata. Sai ta ce a auna mata rabi. Mai awon ya auna, ya ƙara mata ɗan abin da hannunsa ya ɗebo. Akuyarta ta sayar ta zo, ga dabbobi sun faɗi warwas a lokacin, hatsi kuma ya ninka.

A shekarar an yi ta jayayya kan suna. Shugaba Tandja Mamadu ya ce babu yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne a wasu yankuna. Ƙungiyoyin agaji da 'yan jaridar waje wasunsu suna cewa yunwa ce. Sunan da aka ba abin shi ke nuna irin taimakon da za a kawo da kuma saurinsa, don haka ba ƙaramar magana ba ce.

Ustaz Nura: Allah ya kiyaye maimaituwar irinta, Malam Laminu. Larabci ma ya bi wannan hanya. "Gali" shi ne mai tsada, kuma Balarabe yana ce wa wanda yake ji da shi "ya gali". Daga nan aka samu "gala'u", tashin farashi. Da wannan tushen hadisin Anas ya zo, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda farashi ya hau a Madina mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade musu. Masu tarihin Masar kuma, irin su Al-Maƙrizi da ya rubuta littafi kan wannan matsala a 1405, sukan kira shekarun da kogin Nilu ya gaza aka shiga yunwa da sunan "gala'u". Sukan ambaci farashin alkama a irin waɗannan shekaru.

Istifanus Kafanchan: Gaisuwa ga kowa. Ni a coci na fara sanin kalmar nan. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, labarin Yusufu a Masar, Farawa sura 41 aya 54, an rubuta "seven years of dearth". A cikin wannan surar kuma an yi amfani da "famine" sau da yawa don abu ɗayan. Fassarorin Turanci na zamani sun ajiye "dearth" a wurin sun sa "famine", mu kuma a Hausa "yunwa" muke karantawa. Kenan a 1611 kalmar tana da nauyin da za ta iya tsayawa a madadin yunwa. Yau ta yi sauƙi har ana cewa "dearth" na finafinai masu kyau.

Ustaz Nura: Madalla, ɗan'uwa Istifanus. A Suratu Yusuf aya ta 48 an kira su "sab'un shidad", bakwai masu tsanani. Aya ta 47 kuma ta kawo dabarar ajiyar: a bar hatsin a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci.

Malam Habibu Zariya: Istifanus ya kai mu zamanin da kalmar ta fi ƙarfi. A ƙarshen ƙarni na 16 "dearth" kalmar hukuma ce a Ingila. Wajen 1586 zuwa 1587, zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, majalisarta ta buga wasu umarni na musamman don magance "dearth" na hatsi, aka kuma sake fito da su a shekarun 1590 lokacin da amfanin gona ya lalace shekara huɗu a jere, daga 1594 zuwa 1597. Abin da ke ciki zai ba ku sha'awa. An umarci alƙalan gundumomi su bi rumbuna su ƙididdige hatsin da kowane mai hali ya ajiye, su cire abin da gidansa zai ci da irin shuka, ragowar a tilasta masa ya kai kasuwa. A sayar wa talaka da ƙaramin awo kafin manyan 'yan kasuwa su saya. A rage sha'irin da ake kai wa masu yin giya. Wato hukuma ta ɗauka hatsin yana nan a ƙasa, ɓoye shi ake yi ana jiran ya ƙara kuɗi.

Shi ya sa masu tarihin wancan zamani suke raba kalmomin biyu. "Dearth" ita ce shekarar da hatsi ya yi wuya ya yi tsada, talaka ya rage cin abinci, ya ci bashi, ya sayar da abin hannunsa. "Famine", wadda ta fito daga kalmar Latin ta yunwa, ita ce lokacin da aka fara binne mutane da yawa, kamar babbar yunwar Turai ta 1315 zuwa 1317. Malam Laminu, jayayyar da kuka yi a 2005 a tsakanin waɗannan biyun take.

Abdulƙadir Kano: A nan kam mun haɗu, Malam. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, ya yi nazarin yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. A littafinsa na 1981 ya nuna cewa abincin da ke yankin a shekarar bai gaza na 1941 ba, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba. Farashin shinkafa ne ya yi tashin gwauron zabi a cikin yaƙin duniya na biyu, ladan 'yan ƙwadago da masunta da masu sana'ar hannu bai bi shi ba. Akwai masana da suka ƙalubalanci lissafinsa na yawan shinkafar, amma tambayar da ya kafa ta zauna: wa ke iya saye, kuma da me? Duk da haka ina nan a kan bakana game da fassara. Wannan tarihi ne. A jimlar Zainab, ƙaranci ne.

Zainab A.: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. To a Hausar fa? Editana ya fi son "rashin ƙwararrun malamai", ya ce ya fi sauƙi a kunne.

Sagir: Rashi ya yi ƙarfi, Anti. Idan kika ce rashin malamai, mai sauraro zai ɗauka babu ko ɗaya. Marubucin cewa ya yi akwai, ba su isa ba.

Baba Iro Katsina: Yara, kun manta da "ƙamfa"? Ƙamfar ruwa, ƙamfar abinci, ƙamfar kuɗi. Mu da ita muka tashi. Ba a yin ƙamfar abin da ba a so, kuma wanda ya ce yana ƙamfa ya gaya maka yana cikin matsi. Ƙaranci lissafi ne kawai, kana iya cewa an samu ƙarancin haɗurra a hanya bana, ka ga ai abin farin ciki ne. Amma ba ka cewa ƙamfar haɗurra. Duk abin da Malam Habibu ya faɗa game da kalmar Turancin nan, ni ƙamfa na ji yana kwatantawa.

Hajiya Bilki: Baba, wallahi ka tuna min da kakata. Ita kuma in abu ya ɓace a kasuwa cewa take "ya yi wuya". Har yanzu ai muna cewa wahalar mai, ba mu cika cewa ƙarancin mai ba sai a labarai.

Abdulƙadir Kano: Baba Iro, ranka ya daɗe, ƙamfa ta dace da ruwa da abinci, amma "ƙamfar hujja" ko "ƙamfar bincike" fa? Kunnena bai karɓa ba. Kuma matasa da yawa a birni ba su saba jin ta ba.

Baba Iro Katsina: In ba su saba ba, a rediyo za su saba, ɗana. Mu ma a can muka koyi "tattalin arziki" da "majalisar ɗinkin duniya". Ƙamfar malamai kam Hausa ce tsantsa, ka je kowane ƙauye ka faɗa ka gani ko za a tambaye ka me kake nufi. Hujja ce ban sani ba ko ana ƙamfarta, wannan na bar muku.

Dakta Maryam: Ƙarin bayani ga ɗaliban da ke bin zancen, saboda ina ganin kurakuran a rubuce-rubucen da nake dubawa. Kusan kullum da "a" take zuwa a gaba da "of" a baya, "a dearth of", kuma ba a cika yi mata jam'i ba. Na biyu, akwai masu ɗauka tana nufin yalwa, har cikin masu harshen, wataƙila saboda tana kama da "wealth" a kunne. Sai ka ga an rubuta cewa akwai "dearth" na bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, alhali marubucin yawa yake nufi. Na uku, a rahoton asibiti ko na ofis inda akwai adadi, ku rubuta "shortage" ku faɗi adadin. Idan ana buƙatar ma'aikatan jinya 20 a sashe, 8 ne ke aiki, faɗin haka ya fi kowace babbar kalma amfani ga wanda zai ɗauki mataki.

Laminu Maraɗi: Baba Iro, a nan wajenmu ma ana cewa ƙamfa, musamman ta ruwa da ta ciyawar dabbobi in rani ya yi nisa. Gidajen rediyonmu dai sun fi cewa ƙarancin cimaka. Zan tambayi tsofaffinmu ko suna yi wa mutane ita, kamar malamai ko likitoci, ko iyakarta abin ci da abin sha.